Rundunar Cikin Kwaba

Ashirin da uku ne, in an ƙirga da gurgun.
Suna tsaye a kwabar gilashin da Cima ta bar mini,
inda a da kwanonin aurenta suke jere.
Dogon cikinsu bai kai ɗan yatsana na tsakiya ba.

Na farko, babana ya zo da shi cikin aljihu.
Kuku ne a gidan Bature mai sayen gujiya.
Ran da Baturen ya ɗaure kaya
aka share ɗakin ɗansa aka kai juji:
takalmi wari guda, fasasshiyar ƙwallo,
da wannan mai gangar, jar riga, mabuɗi a gadon baya.
Ina shekara shida. Na murɗa, ya buga,
na ruga na ɓuya bayan rumbu.

Sauran bi da bi suka iso.
Bara'u direba ya samo mini huɗu a Lome
wajen wata tsohuwa mai sayar da kwalabe.
Biyu na tsinta a gindin buhun gwanjo a babbar kasuwa,
mai kayan ya ce in ɗauka, gyara ne.
Mai dokin kuwa, kada a tambaye ni kuɗinsa,
har yau Cima na zaton jikka biyu ne.

Gyaran agogo ne sana'ata, na san tsatsa
yadda manomi ya san ƙuduji.
Ran Juma'a bayan la'asar nake fito da su:
gashin zabo, ɗigon man keken ɗinki,
in kifa kowanne in duba tafin ƙafarsa
inda maƙerin ya buga sunan ƙasarsu, Jamus,
haruffan sun side kamar tsohuwar dala.
Wani ne ya zauna ya ɗiga musu gashin baki da fenti,
a kan na bakwai hannunsa ya yi rawa.
Shi na fi so.

Malam Nomau maƙwabcina ya ce gumaka ne.
Na ce kayan wasan yara ne, Malam.
Ya ce, to ina yaron?
Ban tanka ba. Amma in an kira salla
nakan yafa wa kwabar tsohon zane, kowa ya huta.

Ɗana Mijinyawa ya buga lissafi a wayarsa,
wai wani ɗan Yamai zai biya kuɗin babur biyu,
a sa kabu-kabu, kullum magariba a kawo ciniki.
Ba na musu da lissafi.

Abin da ban gaya masa ba
zancen Ɗanjimo ne, yayan babana,
da Faransa ta auna ƙirjinsa da igiya
ta sa shi a mota zuwa yaƙin Jamus.
Kakarmu ta shekara tara tana rage masa fura.
Ko maɓallin rigarsa ba a maido ba.
Na san ba waɗannan ba ne.
Amma ga su sun ƙetaro teku,
sun bi ta juji, ta buhu, ta aljihun kuku,
sun zo Mokoyo sun ƙame a gabana
da bindigogin da ba su taɓa tashi ba,
kuma wani daren, in barci ya ƙi,
nakan tambaye su ko sun gan shi.

Jiya an ɗauke wuta, rediyo na lissafa
ƙauyukan da aka kore wa shanu wajen iyaka,
jikata Barira ta hau cinyata ta ce a murɗa.
Ƙarfen cikinsa ya gaji tuntuni,
na musanya masa da na agogon bango,
shi ya sa kiɗan ya yi sanyi,
kamar mai sassaƙa turmi a wata unguwa.

Ta ce, Kaka, ina za su?
Na ce ba inda za su.
Ta ce, to don me suka sa takalmi?

Ta ɗauki gurgun ta kwantar a murfin gwangwanin madara,
ta lulluɓe shi da ƙyallen goge tabarauna,
ta ce kada kowa ya yi surutu.

Ashirin da biyu ne a tsaye yau.